Takalman Inna a Ƙofar Ɗakin Yaya

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu kamar yadda ɗalibaina suke ɗaga aikin gida, yau da uzuri, gobe da wani. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne na ji jikokin gidanmu suna ba da labarin Korona kamar labarin dogon hutu: shekarar da aka rufe makaranta, aka sha barci. To mu a gidanmu na Badafi ba barci muka sha ba. Na rubuta ne don wanda wata annobar za ta riska nan gaba, Allah Ya kiyaye, ya san cewa ba ta ƙofar da ake tsaro kaɗai ake shiga gida ba.

Cikin 'ya'yan Inna mu biyu muka zauna da ita: Yaya Adamu, ɗan fari, da ni, auta. Ni malamin kimiyya ne mai ritaya, na ci alli a Bebeji da Tudun Wada da Doguwa har gemuna ya koma kalarsa. Yaya kuwa manomi ne mai fataucin hatsi, ya doshi saba'in a lokacin. Inna ta kusa casa'in, tana tafiya da sanda amma ba ta jingina da ita sai in ana kallo.

Dole in yi bayanin Inna da Yaya, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. Inna mai kunyar ɗan fari ce, irin ta da. Mahaifiyarta Bafulatana ce daga wajen Falgore, saboda haka kunyar ta zo mata ninki biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, ko "mutanen ɗakin gabas". Wani Adamu mai sayar da kalanzir ma bai tsira ba, "mai sunan yayanku" ya zama har ya bar garin. Da aka yaye Yaya, gidan Kaka aka kai shi, can ya girma. Bayan ya dawo gida ya yi iyali, kullum da safe zai je ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya." Fuskarta na kallon bango, carbi na tafiya.

Shi ke nan, an gama hirar yini. Ni kuwa ina shiga za a ce, "Auta, ka karya? Hau gado mana, ƙasan da sanyi." Ga ni da furfura, a kan gadon Inna, ina cin ƙanzo. Ban taɓa ganin ta taka ɗakin Yaya ba, ko ranar sunan 'ya'yansa. Mu ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka muka tarar, kamar yadda muka tarar da rijiya a tsakar gida.

Ciwon ya fara ne da zafin bazara, azumi na ƙaratowa. Lokacin ana ta jin rasuwar dattawa a birni, Yaya ya je Kano ta'aziyyar wani dillalinsa gab da a rufe hanyoyi. Ya dawo lafiya, ya ci tuwo, ya ba da labari. Bayan 'yan kwanaki sai masassara da ciwon gaɓoɓi. Muka kira mai kemis. A kemis ɗin ƙasarmu zazzaɓi iri biyu ne: in ba maleriya ba, taifot, in ka matsa da tambaya a ce duka biyun. Aka yi wa Yaya allurar na farko, da bai ji sauƙi ba aka ba shi ƙwayoyin na biyu.

Abin da ya fara ba mu dariya shi ne ya kamata ya fara ba mu tsoro. Matarsa, Yaya Hanne, ta yi miyar kuka, ya kai loma ɗaya ya ture kwano.

"Yau ba ki sa daddawa ba."

"Ni? Tun kana da baƙin gashi nake yi maka miya, yau ne zan manta daddawa? Maƙwabta ma sun san na saka."

"To ni ban ji ta ba."

"Malam Auta, zo ka raba mu. Shinshina."

Na shinshina, na ba matar yaya gaskiya, muka yi dariya. Sai da na koma ɗaki na tuna rediyo ta ce ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano na cikin alamomin sabon ciwon nan. Na dawo da kwalbar turarensa na buɗe a ƙarƙashin hancinsa. Ya ce, "Ruwa ka zuba a ciki?"

A majalisarmu ta ƙofar gida kuwa an riga an yanke wa Korona hukunci. Wasu sun ce ciwon masu hawa jirgin sama ne. Wasu sun ce zafin ranar ƙasarmu ta Kiru zai soya ta kafin ta sauka daga mota. Na yi abin da na saba, na ɗauki tsinke na yi zane a ƙasa. Na ce ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana zama a hanci da maƙogwaro da huhu, tana fita cikin tari da atishawa har ma da magana, wanda ke kusa ya shaƙa. Na ce mutum zai iya raba ta tun bai ji komai a jikinsa ba, kuma tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Malam Buba, aminin Yaya, makiyayi daga gefen Falgore, ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi.

"Malam Auta, ka taɓa ganinta da idonka?"

"Kai ka taɓa ganin iskar da ta kwashe maka rufin bukka bara?"

"Ita ai na ji ƙararta."

Aka tuntsire da dariya, darasi ya watse. A aji ina da bulala da jarrabawa. A majalisa ba ni da ko ɗaya.

Makon farko kuwa gidanmu ya zama kasuwa. Yaya mutum ne mai dubiya. Babu wanda zai kwanta tsakanin Kiru da Doguwa, in dai ya san shi, bai hau babur ya je ba. Da aka ji shi ma ya kwanta, sai kowa ya zo ramawa. Ɗaki ƙarami, taga a rufe don kada iska ta buge shi, mutum goma a kan tabarma, a yi musabaha, a sha ruwa a moɗa ɗaya. Kowa kuma da takardar likitancinsa a baki. Wannan ya ce surace da ganyen darbejiya. Wancan ya ce tazargade. Wata gwaggonmu ta aiko da citta da kanumfari da lemun tsami da zuma, da saƙon cewa in bai warke ba to ba a haɗa daidai ba. Malam Buba ya kawo saiwa daga daji da man shanu. Ba na raina ko ɗaya. Suracen yana buɗe masa hanci, zumar tana lallashin maƙogwaro, kuma da ƙauna aka kawo su. Amma ƙaunar ta zo da numfashin mutane, ta koma da nasa. Wasu daga cikin waɗanda suka zauna a wannan tabarma sun kwanta daga baya. Allah Ya tashe su.

Mako na biyu tari ya zo, busasshe, mai kama da ana kankare ƙwarya. Sai numfashi. Yaya da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai ya koma hutawa tsakanin ɗaki da banɗaki. Ranar da na ji yana karanta Fatiha yana yanka ta gunduwa-gunduwa, na ce asibiti.

An riga an sa dokar kulle. Muka samu mota da ƙyar, muka bi shinge bayan shinge, a kowanne sai na sake ba da labarin tun daga farko. A babban asibitin yankinmu muka tarar da layi a baranda, mutane kafaɗa da kafaɗa, a ƙarƙashin wata takarda da aka manna mai cewa a ba da tazara. Muka shiga layin da hantsi, aka kira mu rana ta karkata.

Likitar yarinya ce, fuskarta rufe da takunkumi. Ta dube ni ta rusuna.

"Malam, ba ka gane ni ba? Na zauna a ajinka a Tudun Wada."

"'Yata, da rabin fuska ko wadda na haifa ba zan gane ba."

Ta maƙala wa Yaya wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar da ya nuna, dariyar ta bar idonta. Ta sa aka zura masa tsinke mai auduga a hanci har ya yi hawaye, ta ce za a kai Kano, sakamako sai ya dawo. Ta ce amma ita ba ta buƙatar takarda kafin ta faɗa mini abin da take zato. Tukunyar iskar numfashi ɗaya ce ke aiki, akwai mutum a kanta. Mu koma gida, a ware shi ɗaki shi kaɗai, a buɗe taga, mai jinya ɗaya da takunkumi, a yawaita wanke hannu da sabulu. In leɓensa ya yi duhu, ko ya kasa haɗa magana, mu kawo shi ko a kan jaki ne. Sai ta faɗi maganar da ta zauna mini har yau:

"Malam, wannan ciwon ba ya neman maƙiyi. Hanyar zumunci yake bi. Wanda ya fi son mara lafiya shi ya fi kusa da kamuwa. Akwai tsofaffi a gidan?"

"Akwai Inna."

"A nisanta ta da shi."

Na yi dariya, karo na farko a ranar. Na ce, "Likita, wannan aikin an gama shi tun kafin a haifi mahaifinki. Inna ta riga gwamnati fara ba da tazara."

Da muka dawo na kafa kujera a zaure na zama mai gadi. Ban taɓa yin aikin da ya jawo mini baƙin jini irin wannan ba, har da shekarun da na yi ina kula da jarrabawa. Aka ce boko ya hana zumunci. Aka ce auta ya samu sarauta. Malam Buba ya taho tun daga Falgore, na tare shi.

"Ni za ka hana? Ni na yi wa yayanka abokin ango kana yawo ba wando!"

"Shi ya sa nake so ka kai ga auren jikarsa. Zagaya ta lungu, ka tsaya daga nesa da taga, zai ji ka."

Ya zagaya yana ƙunƙuni. Na jiyo shi yana ɗaga murya: "Adamu! Ƙaninka ya mai da kai fursuna! Ka tashi mu yi ƙararsa!" Na jiyo Yaya yana dariya, tari ya karɓe. Haka dubiya ta koma ta taga, kuma a gaskiya ta fi ta cikin ɗaki armashi, don kowa sai ya taƙaita.

Hanne ce mai jinya. Ta ɗaura takunkumin tana cewa ita ba akuya ba ce, amma ba ta cire ba. Na tsare zaure, na tsare lungu, na kori jikoki zuwa sashena. Ɓangaren Inna ne kawai ban sa wa ido ba, kuma babu wanda ya ce in sa, don duk gidan mun san akwai katangar da ta fi ta siminti.

Inna ba ta taɓa tambaya kai tsaye ba. Zan shiga gaishe ta daga bakin ƙofa, da takunkumina, ta ce, "Auta, an ba kajin nan ruwa?" An ba su. "Akuyar nan ta dawo?" Ta dawo. Sai carbi ya yi ta tafiya, can ta ce wa bango, "Na ji ana tari a gidan nan." In ce da sauƙi. Ta ce, "To." Da yamma kuma sai ta dama kunun tsamiya da hannunta, ta ajiye a tsakar gida, ta ce, "Na dama ya yi mini yawa. A ba wanda yake so." Kullum kunun yana yi mata yawa, kullum daidai cikin kofin mutum ɗaya.

Azumi ya kama. Wata safiya Hanne ta kira ni. Leɓen Yaya ya yi duhu kamar wanda ya sha ruwan baba na rini, kalma ɗaya yake fitarwa ya huta. Na hau babur na nufi Kwanar Dangora neman mota. Garin da ko yaushe ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar tireloli, ranar har kukan kurciya na ji. Direbobin da na samu, da sun ji tari da numfashi sai su tuna motarsu ba ta da mai. Sai bayan azahar wani ya yarda, Allah Ya saka masa, bisa sharaɗin a sauke gilasai duka.

Na shigo gida da sauri na tarar da Hanne tsaye a tsakar gida, ƙullin tsamiya a hannunta, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Ta aike ni maƙwabta karɓo tsamiya," in ji ta. "Wallahi akwai tsamiya a gidan nan, na sani. Amma Inna ce ta aike ni."

Ta nuna da haɓa. A ƙofar ɗakin Yaya ga takalman Inna, 'yan silifas ɗinta shuɗaye, an jera su daidai, sandarta jingine da bango.

"Inna! Don Allah ki fito!"

"Kada ka ɗaga mini murya, ba a ajinka nake ba."

"Likita ta ce..."

"Na ji abin da likita ta ce. Ƙafata ce ta tsufa, ba kunnena ba."

Na ɗaga labule. Tana zaune a kan gado, kan Yaya a cinyarta, hannu ɗaya da mafici, ɗayan a cikin furfurarsa. Babu takunkumi, babu komai. Na yi shekaru ina koyar da yadda cuta ke tafiya daga huhu zuwa huhu, ga shi ina kallon tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ban san tsawon lokacin da ta yi a ciki ba. Hanne ta ce tun hantsi.

"Motar ta zo?" in ji Inna.

"Ta zo."

Ta sauke kansa a kan matashi a hankali, ta miƙe, ta gyara mayafi. Direba na sallama ta juya fuskarta ga bango kamar yadda ta saba.

"To, ku tafi da yayanku."

A asibiti muka tarar tukunyar iskar babu kowa a kanta. Ban tambayi yadda aka yi ta samu ba. A asibiti akwai tambayoyin da mai hankali ba ya yi. Aka sa masa roba a hanci, aka kifa shi a kan cikinsa, wai huhu ya fi buɗewa a haka. Aka hana mu shiga, sai leƙe ta taga. A nan na ga abin godiya da abin takaici a kwano ɗaya. Na ga ma'aikatan jinya suna wanke takunkuminsu suna shanyawa don babu wani, kuma ba su gudu ba. Na ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, mu 'yan jinya muka haɗa kuɗin man janareto. Iskar da Allah Ya ba mu kyauta tun ranar haihuwa, da aka zuba ta a tukunya sai ta cinye masarar da Yaya ya ajiye don damina, ta bi da bijimin huɗa ɗaya. Sakamakon gwaji ya iso daga Kano a mako na uku, lokacin da ciwon ya riga ya gabatar da kansa ga kowa. An ce Korona ce. Muka yi godiya da labari.

A wannan makon ne Yaya ya fara juyowa, a wannan makon ne kuma Inna ta fara barci. Ba ta yi tari irin nasa ba. Jikinta ya ɗan yi ɗumi, ta ƙi fura, ta yi ta gyangyaɗi da carbi a hannu. Wata rana ta kira ni da sunan mahaifinmu. Na buga wa likita waya, ta ce a jikin tsofaffi sau da yawa haka yake zuwa, shiru, ba hayaniya. A kawo ta. Na je na durƙusa na faɗa wa Inna. Hankalinta ya dawo tas.

"Wane asibitin?"

"Inda Yaya yake."

"Ku kwantar da ni gini ɗaya da shi? Mutane su ce me?"

"Inna, ai kin riga kin shiga ɗakinsa."

"Wa ya gani?"

Na roƙa, Hanne ta roƙa, liman ya yi magana ta bayan zana. Ta ce da gadonta aka kawo ta gidan nan, a kansa za a fitar da ita. Likita ta aiko da magani da ma'aikacin da zai duba ta, ta kuma gaya mini gaskiya: ko an kawo ta, tukunyar ɗaya ce, kuma ɗanta ne a kai. Ban faɗa wa Inna wannan ba. Ina zaton ba ta buƙaci a faɗa mata ba.

Ta rasu da hantsi, washegarin ruwan farko, ƙasa na ƙamshi. Matan da suka yi mata wanka sun sa safar hannu da takunkumi kamar yadda aka umarta. Sahun jana'izarta bai cika biyu ba, kowa nesa da kowa, matar da, da a ce lokacin lafiya ne, sai an rasa wurin ajiye babur. Ba a yi zaman makoki ba. Hanne ta yi ɗan zazzaɓi ta tashi. Ni ko atishawa ban yi ba, kuma har yau ban san dalili ba. Ilimina ya tsaya a nan.

Muka ɓoye wa Yaya, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Washegari na je tagarsa, ya ɗago, ya fara iya haɗa magana.

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Inna fa?"

"Tana nan. Tana gaishe ka."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya mai da kansa kan matashi. Na ɗauka gajiya ce.

Bayan ƙaramar salla aka sallame shi, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. A hanya ina ta juya yadda zan fara. Da muka iso Kwanar Dangora na ce direba ya tsaya, na juyo.

"Yaya, akwai maganar da..."

"Na sani, Auta. Allah Ya jiƙanta."

"Wa ya gaya maka?"

"Kai. Ranar da ka ce tana gaishe ni. Yaushe Inna ta taɓa aiko mini da gaisuwa?"

Ga abin da zan bar wa mai karatu, tunda malami ba ya fita aji bai ba da aikin gida ba. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya zo da ɗaukewar ƙamshi ko sarƙewar numfashi, kada a tsaya canza masa suna a kemis. A buɗe taga. Iska ba ta buge kowa, rashinta ne ke bugewa. Dubiya ibada ce, amma daga bakin taga ma ana samun ladan. Da allurar riga-kafi ta zo daga baya, ni da Yaya da Hanne muka je muka miƙa kafaɗa, Malam Buba ya biyo mu yana cewa shi rakiya ya zo, ya fito yana shafa damtse. Sannan a lura da tsofaffi, musamman waɗanda ba sa tambaya. Mai yawan tambaya ka san inda hankalinsa yake. Wanda yake tambayar kaji da akuya, shi za ka zauna kusa da shi ka ba shi labarin mara lafiya dalla-dalla, safe da yamma, ko bai nema ba.

Gidan ya canza. Yaya ya daɗe bai koma gona ba, ya fi daɗewa bai koma dariya ba. Da safe sai in gan shi ya fito ya nufi ɓangaren Inna, ya yi rabin hanya ya tsaya, ya juya kamar ya manta wani abu. Ni ma babu wanda ya sake ce mini in hau gado ƙasan da sanyi. Matan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, har su goya su a gaban surukai, kuma ban ce sun yi laifi ba. Amma ina kewar wannan "Lafiya" guda ɗaya da ake ba bango kowace safiya.

Sai da kaka, muna zaune a zaure muna ɓarar masara mu biyu, ya yi maganar da kansa.

"Ni na kai mata, Auta. Daga Kano na ɗauko, na kai mata har cinya."

"Ba kai ka je ba, Yaya. Ita ta zo."

Ya ci gaba da murza masara. Na ga dama ta samu, na yi tambayar da ta daɗe tana cina.

"Me ta ce maka a ɗakin? Ta kira sunanka?"

"Haba. Inna ce fa." Ya ɗan yi murmushi. "Faɗa ta fara yi, wai ɗakin da ƙura, wai Hanne ba ta kakkaɓe shimfiɗa. Sai ta ɗora kaina a cinyarta, ta yi ta lalube a bayan kunnena har ta samu."

Ya ture hularsa, ya nuna mini wani ɗan tabo da ban taɓa lura da shi ba.

"Ni ban san inda na same shi ba. Ta ce ranar da aka yaye ni, za a kai ni gidan Kaka, na ƙwace na ruga ina nemanta, na faɗi a kan dutsen bakin rijiya. Jini ya wanke mini wuya, ina ta ihu. Ta ce tana bayan zana tana kallo ta kafa, gidan cike da dangin miji. Ta ciji bakin zanenta har ya yage, amma ba ta fito ba."

Ya mai da hular, ya ɗauki wata masarar.

"Sai ta ce, 'Shekarun nan duka ina jin wannan kukan. Yau da na ji tarin nan, na ce wannan karon zan fito.'"

Muka ci gaba da ɓara har aka kira la'asar. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, da dukkan waɗanda wannan annoba ta tafi da su.